Madarar Mai Feshi

Akwai lokacin da ba sai na tambayi maigidana irin kayan da suka yi a wajen aiki ba, hankicinsa ne ke ba ni labari. In na zo wanki na ga kakin da ya tofa a ciki ya yi ruwan ƙasa, na san gadaje da sif suka fesa. In fari ne, to kayan kicin ne na wata Hajiya a Maitama ko Gwarimpa. Akwai makon da ya yi ta fitar da ruwan zinare, ashe kujerun gidan biki aka kawo musu. Ina wanki ina tsaki, shi kuwa yana zaune a bakin ƙofa yana dariya, wai a duk Masaka ni kaɗai ce matar da ke duba aikin mijinta a cikin majina.

A Masaka muke zaune, a gidan haya mai ɗakuna a jere, ni ina koyarwa a wata firamare. Malam, haka nake kiransa, mai feshi ne. In kafinta ya gama haɗa kujera ko gado, shi ake miƙa wa, ya dama fenti da tina, ruwan nan mai ƙarfin wari da ake tsinka fenti da shi, ya zuba a bindigar feshi, ya bi katakon nan har sai ka ga fuskarka a jikinsa. Da can a gindin wata bishiya yake aiki a bakin titin Mararaba, iska na kwashe rabin warin ta yi gaba da shi. Bayan wannan kuma shi ne ladanin ƙaramin masallacin layinmu. Ba wanda ya naɗa shi, ƙirji Allah Ya ba shi. In ya ja "Hayya alal falah" sai ka ɗauka ba zai dire ba, numfashi ɗaya ne tun daga farko har ƙarshe. Ban taɓa faɗa masa ba, amma tun kafin a yi maganar aurenmu muryar nan na fara so.

Sai Yayana ya buɗe wajen yin kayan ɗaki a Kugbo, kusa da Karu. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, kuma shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya kai ni makaranta. Ya daɗe yana sayar da katako a ƙarƙashin wasu, yana ta burin ranar da zai tsaya da ƙafafunsa. Da ranar ta zo, da kansa ya tako har Masaka ya ce ba ya son hannun kowa a kan kayansa sai na Malam. Malam ya ji daɗi ƙwarai, ranar har tsire ya shigo mana da shi.

Ranar buɗewa aka yi walima, aka yi addu'o'i, Yaya ya ja ni yana nuna mini wuri. Ga allon suna an rubuta da manyan baƙaƙe, ga takardar rajista a cikin gilashi, ga jan tulun kashe gobara an rataye a inda duk wanda ya shigo zai gani. Daga nan ya kai ni bayan rumfar kafintoci, inda abin alfaharinsa yake. Kwantena ce ta ƙarfe, irin wadda ake ɗauko kaya a ciki daga tashar jirgin ruwa. Babu taga. Ƙwan lantarki ɗaya ne a sama, duk wata kafa kuma an cusa mata tsumma.

Ya ce, "Mutanen Abuja da tafin hannu suke sayen kaya, Auta. Su shafa tebur, in suka ji ƙwayar garin katako ɗaya ta maƙale a fenti, sai su ce ka kwashe kayanka. A nan ciki ko ƙuda ba zai sauka a kan aikinmu ba."

Na ce, "To Yaya, ta ina iska za ta shiga?"

Ya ce, "Ai iskar ce ba ma so."

Sai ya ɗaga wani kwali da ke gefen ƙofa ya buɗe mini. Madarar ruwa ce ta gwangwani, cike fal. Ya ce kullum Malam yana da gwangwani guda, shi Yaya zai riƙa biya, kuma in je in bincika a duk Kugbo in ji ogogi nawa ne ke yi wa masu feshinsu haka ba fashi.

Wanda bai zauna da masu feshi ba ba zai san girman wannan maganar ba. A wajensu madara ita ce maganin fenti. In mutum ya gama aiki sai ya sami ƙusa ya huda gwangwani ta gefe biyu, ya ɗaga kai ya shanye, wai tana wanke ƙirji. Haka suka tarar da iyayen gidansu suna yi, haka su ma suke koya wa na bayansu. Ogan da ke sayen madara shi ne oga mai tsoron Allah, wanda ba ya saye kuwa azzalumi ne. Ni dai har yau ban gane yadda abin da ya bi maƙogwaro ya sauka ciki zai wanke abin da ya bi hanci ya shiga huhu ba. Ko 'yan ajina sun san hanyoyin ba ɗaya ba ne. Na faɗa wa Malam haka a hanyarmu ta komawa, muna tsaye a goslon Nyanya, ya ce boko ne ke damuna.

Kasuwa ta buɗe wa Yaya da wuri. Aikin Malam ya yi suna, ana ta kawo oda, kwantena ba ta hutawa. A gida kuwa abubuwa suka fara canjawa ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya isa a kira shi ciwo. Ko ya yi wanka ya sake kaya, in ya yi magana kusa da ni warin tina nake ji daga bakinsa. Wata rana ya dawo yana ta dariya ba dalili, idanu jajur, in ba don na san shi ba da na ce wani abu ya sha. Miyata da yake yabo ya fara cewa ba ta da ɗanɗano, yana ta zabga yaji. Ga ciwon kai, ga tarin da ke fara masa da ya tashi da safe. Kowane ɗaya na kawo, yana da amsarsa. Gajiya ce, mura ce, sanyin damina ne.

Abin da ya tsinka mini zuciya a kiran sallah ya fito. Wata asuba ina kwance ina jinsa ta lasifika, ya ja "Hayya alal falah", sai ya yanke a tsakiya ya ja numfashi, sannan ya ƙarasa. Ɗan tsayawa ne kaɗan, na tabbata duk layin ba wanda ya kula. Ni kuwa da na san tsawon numfashin nan kamar yadda na san tsawon tabarmar ɗakina, tashi na yi zaune. Da ya shigo na tambaye shi, ya ce yawu ne ya sarƙe shi. Washegari ma yawu ya sarƙe shi, a daidai wurin.

Ba a daɗe ba wata ma ta ji. Maƙwabciyarmu ce, 'yar Jos, Kirista, ɗakinta na kallon namu. Ta sha gaya mini da kiran Malam take tashi ta ɗora ruwan wankan yara. Muna shanya a tsakar gida ta matso ta rage murya.

"Maman yara, kar ka ji haushi na fa. Muryan maigida naki ya canja. Yana je asibiti kuwa?"

Na gaya mata komai, har da kwantena da madara. Ta saki zanen da ke hannunta a bokiti ta tsaya tana kallona. Mijinta a wani babban kamfani yake aiki a Idu, su ma suna feshi. Ta ce a can ba a barin mutum ya kusanci fenti sai da takunkumi na musamman, mai matata biyu a gefe da gefe, kuma ana canja matatar in ta cika. Akwai fankar da ke zuƙe warin ta fitar waje. Ana fito da mutum ya sha iska. Tun ranar da aka ɗauke ka ake zaunar da kai a gaya maka abin da ke cikin gwangwanin da za ka buɗe, lokaci zuwa lokaci kuma likita ya duba ƙirjinka. Ta ce wannan duk aikin mai kamfani ne, babba ne ko ƙarami.

Na ce, "Madara fa?"

Ta ce, "Madara na shayi ne, Maman yara."

Bayan kwana kaɗan mijinta ya samo mini irin takunkumin nan. Na sa shi a jaka, na tashi daga makaranta na hau mota sai Kugbo, ban gaya wa kowa zan zo ba. Rana ce tsaka, zafi kamar a bakin murhu. Kafintoci na ta buge-bugensu a rumfa, na wuce su na zagaya baya. Ƙofar kwantena a rufe ruf, injin da ke hura wa bindigar feshi iska na ta gurnani a gefe, tiyo ya bi ta ƙarƙashin ƙofa ya shige. Na ɗora hannu a jikin ƙarfen na janye don zafi. Na buga, shiru. Na sake bugawa da dutse, shiru. Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye ba, amma na karanta duk addu'ar da ta zo bakina.

Da ƙofar ta buɗe, wani farin hayaƙi ne ya fara fitowa, ya shaƙe ni har na ja da baya ina tari. Sannan Malam ya fito daga cikinsa. Ya ɗaure hanci da yankin tsohuwar singileti, daidai bakinsa da hancinsa tsumman ya yi da'ira mai launin fentin da yake fesawa. Gashin idonsa ya sandare. Bai ma gan ni ba, ya dafa ƙofa ya sunkuya yana neman iska, kafaɗunsa na hawa da sauka. Sai ga Yaya ya taho da sauri da gwangwani a hannu, ya huda da ƙusa da kansa ya miƙa masa yana yi masa sannu. Da kulawa ya yi, wallahi, irin ta ɗan'uwa.

Nan zuciya ta kawo mini wuya. Ni dama ba a san ni da haƙuri ba, ranar kuwa ban bar komai ba.

Na ce, "Yaya, wannan ɗakin aiki ne ko kabari? Ka rufe mutum a cikin gwangwani, ka bi shi da gwangwani."

Kafintoci suka daina buga guduma. Fuskar Yaya ta canja, ya ce, "Ni zan cuci mijinki, Auta? Ni? Wace rana ce madararsa ta yanke?"

Na ciro takunkumin na nuna masa, na jero masa duk abin da maƙwabciyata ta faɗa, da fanka, da taga, da hutu, da likita. Ya ce waɗancan manyan kamfanoni ne, shi yanzu ya fara, a bari abu ya kankama tukuna, komai za a yi. Na ce tulun kashe gobara ai bai jira abu ya kankama ba, don shi ana ganinsa daga titi. Na ce duk wanda ya buɗe wajen aiki ya sa ɗan mutane a ciki, numfashin mutumin nan amana ce a wuyansa tun daga ranar farko, huhu ba ya jiran kasuwa ta kankama.

Malam ya gama shan madararsa ya goge baki. A gida Yaya yake kiran yayan nawa, a nan kuwa Oga ne. Ya ce, "Oga, ka yi haƙuri, ka san halinta." Duk abin da aka faɗa a wajen nan ba wanda ya yi mini ciwo kamar wannan. Na ajiye takunkumin a kan benci na juya, ina tafe ina kuka har bakin titi.

Ya sa takunkumin, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya sa na 'yan kwanaki. Kafintoci suka laƙaba masa ɗan sama jannati, in ya fito su tambaye shi ya ya baro mutanen wata. Ga zafin kwantena, ya ce ji yake kamar an danne masa fuska da matashi. Da matatar ta toshe ba wanda ya san inda ake sayen wata, ba kuma wanda ya ga aikinsa ne ya nema. Ƙarshenta aka rataye shi a ƙusa kusa da tulun kashe gobara. Yaya kuwa, don ya nuna mini maganata ta shiga kunnensa, ya mayar da madarar Malam gwangwani biyu a rana.

Na roƙi Malam ya bar aikin. Na yi faɗa, na yi lallashi, na yi gaba da shi, na haɗa shi da limamin masallaci. Ya ce da wane ido zai kalli mutumin da ya riƙe matarsa tun tana yarinya, ya ce masa zai bar aiki a lokacin da oda ta yi yawa. Ya ce in an gama kayan wani otal zai huta. Aka gama na otal, aka kawo na ofis. A lokacin yankewar da yake yi a kiran sallah ta daina zama a wuri ɗaya, kusan kowace jimla sai ya raba ta. Ni da nake jiran muryarsa da ɗoki na koma ina jin tsoron lokacin sallah.

Wata Lahadi da la'asar ina tsince shinkafa a ƙofar ɗaki na ji ya kunna lasifika. Ya yi kabbara lafiya. Ya fara shahada, sai muryar ta tsaya. Abin da ya biyo baya duk layin ya ji, domin lasifikar a buɗe take. Tari ne, sannan wani sauti kamar ana jan ruwa da tsinken shan lemo a ƙasan kofi, sannan ƙarar faɗuwar abin magana a siminti. Ban san na zubar da shinkafar ba. Ina gudu a layi da ɗankwali kawai na ji wani ya ɗauki abin maganar yana ƙarasa kiran.

A asibiti aka sa masa abin ƙarin numfashi, aka ɗauki hoton ƙirji. Likitan bai yi mana kwana-kwana ba. Ya tambayi sana'ar Malam, ya tambayi irin wurin da yake yinta. Ya ce abin da ya daɗe yana shaƙa ya yi wa huhunsa illa, za a ba shi magungunan da za su sassauta, amma kada mu sa ran ƙirjin zai koma yadda yake. Ya ce ko wucewa ta inda ake feshi kada ya sake yi. Malam ya ɗaga abin da ke fuskarsa ya ce, a hankali, ai yana shan madara. Likitan ya kalle ni, na kalli ƙasa.

Muka dawo gida. Daga gado zuwa bakin ƙofa ya zama tafiya, sai ya huta a hanya. Ana nan Yaya ya zo dubiya, wata ranar Juma'a da yamma. Ya rame shi ma, idanunsa sun faɗa. Ya zauna a gefen tabarma ya riƙe hannun Malam yana hawaye, ya ce tun ranar da abin ya faru bai sami barci ba, yana ta tunanin inda aka kuskure. Raina ya ɗan yi sanyi. Na ce a zuciyata, ko ihu bayan hari ne, gara a yi shi.

Sai ya leƙa waje ya jawo wani kwali ya ajiye a gabanmu.

Ya ce, "Na gano matsalar, Auta. Na bincika sosai. Madarar da dillalin da muke saye a hannunsa ke kawo mana jabu ce, rabinta ruwa. Shi ya sa ba ta kama ƙirjin ba. Na sallame shi. Wannan daga babban kanti na sayo da hannuna, ita nake ba sabon mai feshin ma."

Na ce, "Sabon mai feshi?"

Ya ce e, wani bawan Allah ne daga Lafiya, mai mata da yara, hannunsa da kyau.

Na ce, "A cikin kwantenar?"

Ya ce, "To a ina?"

Na buɗe baki zan yi magana. Daidai nan aka kunna lasifikar masallaci don magariba. Wanda ya gaji Malam ya fara kira, yana ja yana ja ba ya yankewa. Malam ya rufe ido, leɓɓansa na bin kalmomin ba sauti. Da aka kai "Hayya alal falah" na ga ƙirjinsa ya ɗaga zai bi, ya kasa, ya koma.

Da aka idar ya buɗe ido, ya daɗe yana kallon kwalin. Sannan ya juyo gare ni, yana hutawa tsakanin kalma da kalma.

"Maman yara, nemo ƙusa. A huda mini ɗaya, ko Allah zai sa a dace."